Ƙarin Ruwa Ga Yara: Magani Ne Ko Abinci?

A wannan makon za mu taɓo wata magana da ke yawan fitowa daga bakin masu saurarenmu a gidan rediyo, musamman daga faɗuwar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zawo da masassara suka sa yara gaba. Maganar ita ce ta ƙarin ruwa.

Kowa ya san yadda abin yake. Yaro ya kwana biyu ba ya cin abinci, ya rame, idanu sun faɗa, sai ka ji kaka ko maƙwabciya ta ce: "A kai shi a sa masa ruwa ya samu ƙarfi." Idan aka je gidan likita aka dawo da 'yan ƙwayoyi da ƙullin garin gishiri da sukari, sai rai ya ɓaci, a ce ba a duba yaron da kyau ba. Idan kuwa aka rataya kwalba a bisa kansa, ruwa na ɗiga, sai hankalin kowa ya kwanta, a ce yanzu ne aka fara aiki. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka abin da ke cikin kwalbar nan abinci ne da ke shiga jiki kai tsaye. To, bari mu buɗe kwalbar mu ga abin da ke ciki, mu yi lissafi irin namu na kasuwa.

Me ke cikin kwalbar?

Kwalbar ƙarin ruwa da aka fi gani rabin lita ce. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai ruwan gishiri, wanda ke da giram 9 na gishiri a kowace lita, babu wani abinci a cikinsa ko kaɗan. Akwai wanda ake kira Ringa, shi ma ruwa ne da gishiri iri-iri irin waɗanda jiki ke zubarwa wurin zawo da amai. Sai kuma ruwan sukari, wanda shi ne mutane suka fi kira mai sa ƙarfi. Wanda aka fi sakawa yana ɗauke da giram 25 na sukari a rabin lita, wato kamar ƙwaya biyar ta sukarin da muke jefawa a shayi. A ma'aunin ƙarfin abinci da ake kira kalori, wannan bai wuce 100 ba. Babu mai a ciki, babu sinadarin gina jiki irin na madara da wake da nama, babu bitamin.

Yanzu a kwatanta da ɗan ƙullin abincin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut. Nauyinsa giram 92 ne, amma yana ɗauke da kalori 500, ga madara, ga mai, ga bitamin. Ke nan ƙulli guda ya kai kwalba biyar ta ruwan sukari, har ya ɗara, tunda yana da abin da babu a cikinsu. Duk 'yar kasuwar da aka ce ta ba da kuɗin tiya biyar a auna mata guda, ta san an cuce ta.

Ga kuma wani lissafin da ya fi wannan tayar da hankali. Yaro mai nauyin kilo 6, jinin jikinsa kakaf bai wuce kimanin rabin lita ba. Wato kwalbar nan guda da muke gani ƙarama, daidai take da duk jinin da ke yawo a jikinsa. Idan aka sake ta ta zuba da sauri, kamar an ce wa jaki mai kaya ya ɗauki na ɗan uwansa ne a kai.

Ciyarwa ta jijiya ta gaskiya

Ba a ce babu ciyarwa ta jijiya ba. Akwai ta, amma wani aiki ne dabam. A ƙasar Suwidin, wani masani mai suna Arvid Wretlind ya haɗa wani mai da za a iya sakawa a jini ba tare da ya cutar ba, a farkon shekarun 1960. A birnin Filadelfiya na Amurka kuma, likita Stanley Dudrick da abokan aikinsa suka rainar da 'yan kwikwiyo ta jijiya kaɗai har suka girma. A shekarar 1967 suka yi wa wata jaririya da aka haifa kusan babu ƙaramin hanji, ta rayu watanni 22 a kan wannan abinci, tana ƙara nauyi. Suka bayyana wa duniya aikin a 1968.

Wannan abinci haɗi ne na sukari mai kauri, da sinadarin gina jiki, da mai wanda ya sa yake fari kamar madara, da gishiri iri-iri da bitamin, kowanne an auna shi daidai da nauyin yaron. Saboda kaurinsa, yakan ƙona ƙananan jijiyoyin hannu, don haka idan za a daɗe ana bayarwa sai a zura siririn tiyo zuwa babbar jijiyar da ke kusa da zuciya. Na'ura ce ke tura shi sannu a hankali. Ana haɗa shi a ɗaki mai matuƙar tsabta, ana kuma auna jinin yaron a kai a kai, a farko ma kusan kullum. Aikin manyan asibitoci ne masu ɗakin kulawa ta musamman da wutar da ba ta yankewa.

Su wa ake yi wa? Yaran da hanjinsu ba ya aiki: bakwaini ƙanƙane ƙwarai da hanjinsa bai nuna ba, jaririn da aka haifa da toshewar hanji ko hanjin a waje, yaron da aka yanke masa babban ɓangare na hanji a tiyata. Ga irin waɗannan, rahama ce daga Allah. Amma ƙa'idar likitoci a ko'ina cikin duniya guda ce: muddin hanji na aiki, ta hanji za a ciyar.

Illolin da ke biyo baya

Dalilin wannan ƙa'ida shi ne hatsarin da ke tattare da ciyarwa ta jijiya, ko da a asibitin da ya fi kowanne kayan aiki.

Na farko, shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Fata ganuwa ce. Duk inda aka huda ta aka bar roba, an bar ƙofa a buɗe, ga kuma ruwan sukari wanda ƙwayoyin cuta ke so. Idan suka bi robar suka shiga jini, yaro kan kama zazzaɓi mai zafi da rawar jiki, ko kuma jikinsa ya yi sanyi ya saki, kuma abin yana kisa cikin ɗan lokaci.

Na biyu, lalacewar jijiya da naman da ke kewaye da ita. Jijiyar yaro siririya ce kamar zare. Robar kan goce, ruwan ya riƙa zuba a cikin nama, hannu ya kumbura ya yi tauri. Idan ruwan mai kauri ne yakan cinye fatar wurin ya bar gyambo da tabo. Jini kuma kan daskare a bakin tiyon ya toshe jijiya.

Na uku, rikicewar sukari da gishirin jini. Idan ya zuba da yawa sukari ya hau, yaro ya yi ta fitsari ya ƙara bushewa. Idan aka tsayar da shi kwatsam sukari ya faɗi, yaro ya sume ko ya yi jijjiga.

Na huɗu, ciwon hanta. Yaran da suka yi makonni ana ciyar da su ta jijiya, musamman bakwaini, sukan kamu da shawara, idanu su yi ɗorawa, saboda ruwan matsarmama ya daina gudu yadda ya kamata. Idan aka daɗe hanta na iya lalacewa.

Na biyar, shi kansa hanjin yana mutuwar zaune. Gonar da ba a noma ta ciyawa ke cinye ta. Hanjin da abinci ba ya bi yakan sirance ya yi rauni, shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin ɗiga wa jariri nonon uwa ko da 'yan ɗigo ne, alhali ana ciyar da shi ta jijiya.

Na shida, abin da ke samun jikin da ya daɗe cikin yunwa idan aka cika masa abinci farat ɗaya. Wasu sinadarai na jini, irin su fosfet da fotasiyam, sukan ruga cikin nama su bar jini, zuciya ta rikice, numfashi ya gaza. An ga haka a 1945 ga fursunonin da aka 'yanto a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu: wasu sun tsira daga yunwa, ƙoshi ya kashe su.

Ko a ƙasashen da kayan aiki ya wadata, an gano gaggawa ba ta da amfani. A 2016 an fitar da sakamakon wani bincike kan yara 1,440 da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman a Beljiyam da Holan da Kanada. Rabi an fara ciyar da su ta jijiya tun ranar farko, rabi an dakata har mako guda. Waɗanda aka dakata musu sun fi saurin barin ɗakin, kuma kimanin 11 cikin 100 ne suka kamu da sabuwar cuta, alhali a ɗaya ɓangaren sun haura 18 cikin 100.

Darasin da Dakoro ta koya a 2005

Mu a nan ba mu buƙatar zuwa Turai neman hujja. Manyanmu ba su manta da 2005 ba. Bayan ƙarancin ruwan sama da farin ɗango na 2004, cimaka ta yi wuya, buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni. Ƙungiyar likitocin Na Gari Na Kowa, wato MSF, ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a nan Dakoro, baya ga ta Maraɗi da wasu garuruwa. A wannan shekara ƙungiyar ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Da me aka tashe su? Mafi yawansu ba a ma kwantar da su ba. Uwa ce ke zuwa mako-mako a auna ɗanta, a ba ta ƙullin abincin gyaɗa ta koma gida. Wannan abinci, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, an fara yin sa a Yamai tun 2005. Daga baya ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka kama wa hukumomin lafiya na gundumar wannan aiki.

Har yanzu tsarin jinyar bai sauya ba a ginshiƙinsa. Yaron da aka kawo ana gwada cinsa. Idan ya karɓi ƙullin ya ci, kuma babu wata cuta mai tsanani tare da shi, a gida zai yi jinya. Idan ya ƙi ci, ko jikinsa ya kumbura ƙwarai, ko akwai ciwon huhu ko masassara mai ƙarfi, sai a kwantar da shi a sashen da ake kira CRENI. A can ma ba da kwalba ake farawa ba. Madara ce ta musamman mai suna F-75, marar nauyi, ana ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Yaro mai kilo 6 yana shan kimanin mililita 780 a wuni da kwana, an raba masa kashi 8 ko 12. Sai jikinsa ya daidaita ci ya dawo, sannan a wuce zuwa F-100 ko ƙullin gyaɗa.

Idan yaron ba ya iya haɗiya, sai a zura masa siririn tiyo ta hanci zuwa ciki a riƙa ba shi madarar ta nan. A nan ne iyaye da yawa ke tirjewa. An sha jin uwa ta ce gara a sa masa ruwa da a sa masa robar hanci, wai duk wanda aka sa wa ita ba ya tashi. Gaskiyar magana, yaran da ake sa wa ita su ne waɗanda aka kawo a makare, ciwon ne ya ci ƙarfinsu. Robar hanci tana kai cikakken abinci inda Allah Ya tsara abinci ya bi, ba ta taɓa jini, kuma da zarar yaro ya fara sha da bakinsa ake cire ta.

Me ya sa ake taka-tsantsan da ƙarin ruwa ga mai tamowa? Domin tamowa ba ta cin naman cinya da na hannu kaɗai, tana raunana zuciya da ƙoda, tana kuma sa jiki ya riƙe gishiri. Ga shi ramar kanta tana kama da bushewar jiki: ido ya faɗa, fata ta saki. Wanda bai ƙware ba sai ya zaci ƙishirwa ce, ya buɗe ruwa. Ruwan ya taru a huhu, numfashi ya yi sama-sama, fuska ta kumbura. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da aka daɗe ana aiki da ita ta ce a shayar da irin wannan yaro ta baki da wani ruwa na musamman mai ƙarancin gishiri, ReSoMal, a bar jijiya sai ga wanda jininsa ya fara kasa zagayawa, shi ma a auna masa gwargwadon nauyinsa, ana duba bugun zuciya da numfashi duk bayan 'yan mintoci.

Masana ba su daina bincike ba. A 2011, wani gwaji kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya girgiza likitoci: waɗanda aka zuba wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin kwana biyu, sama da 10 cikin 100, a kan kimanin 7 cikin 100 na waɗanda ba a zuba wa ba. A 2025 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji kan yara 272 masu tamowa waɗanda zawo ya busar da su ƙwarai, a Nijar da Najeriya da Yuganda da Kenya. A nan an ga ƙarin ruwa ta jijiya bai ƙara yawan mutuwa ba idan aka kwatanta da shayarwa ta baki. Amma a lura, waɗannan yara a asibiti suke, an auna musu ruwan, ma'aikata na tsaye a kansu. Darasin gwaje-gwajen biyu shi ne, kwalba guda tana iya ceton wani yaro ta halaka wani, kuma wanda ya karanci aikin, ya auna yaron, shi ke iya bambancewa.

Inda ƙarin ruwa ke ceton rai

Kada wani ya karanta wannan ya je ya hana likita aikinsa. Akwai lokutan da jijiya ce kaɗai hanya. Yaron da kwalara ko zawo mai tsanani ya zubar wa ruwa har ba ya iya sha. Yaron da masassarar cizon sauro ta hau masa kai, yana jijjiga ko ya sume, wanda ke buƙatar allurar artesunat da sukari ta jijiya nan take. Yaron da jininsa ya ƙare sai an ƙara masa. Jaririn da cuta ta shiga jininsa. A irin wannan hali jinkirin awa guda yana iya zama ajali. Ƙarin ruwa magani ne mai ƙarfi, yana da lokacinsa da ma'auninsa kamar kowane magani. Abin da ba ya yi shi ne maye gurbin nono da kunu.

Babban abin tsoro shi ne wanda ake yi a ɗaki. Ana sayen kwalba a hannun mai tallan magani, wadda ta sha rana a kasuwanni, a kira wani da ya iya allura ya rataya ta a ƙusa ya tafi abinsa. Babu sikeli, babu mai ƙirga ɗigo, babu mai sauraren ƙirji. Wani lokaci har a tsiyaya wata allurar bitamin a ciki ruwan ya yi launin ɗorawa, don mai biya ya ga kamar kaya ya yi kyau. An kashe jika-jika, an kuma ɓata kwana biyu ko uku da ya kamata a ce yaron yana hannun ma'aikata, alhali tun 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a gidajen likita na gwamnati. Muna roƙon 'yan uwanmu masu sayar da magani su ji tsoron Allah, ribar kwalba ba ta kai ran ɗan mutum ba.

Abin da ke hannun uwa

Hajiya, idan an kwantar da ɗanki an sa masa ruwa, ke ce kika fi kowa kusa da shi, idonki ma aiki yake yi. Kada ki taɓa 'yar tayar da ke rage gudun ruwa ko ƙara shi, ko da kin ƙagara ki koma kan kayanki, kada kuma ki bari mai zuwa dubiya ya taɓa. Ki riƙa duba inda robar ta shiga: in ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, ko filasta ta jiƙe, ki kira ma'aikaci. In numfashin yaron ya ƙara sauri, ko ya fara tari da gurnani, ko fatar idonsa ta kumbura, ko ya kama rawar sanyi, ki kira nan da nan, ko tsakar dare ne. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi. Ki tambaya ko za ki ci gaba da ba shi nono, domin sau da yawa amsar ita ce e. Tambaya ba rashin kunya ba ce: "Malam, wannan ruwan na mene ne, kuma yaushe za a cire?"

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ya fi sauƙi. Ranar da zawo ya fara, a dama ƙullin gishiri da sukari guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro da cokali bayan kowane zawo, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsayar da nono ko abinci. Jariri ya sha nono zalla har wata shida. Bayan haka a ƙarfafa kunu da ƙuli-ƙuli ko garin wake ko madara da ɗan mai. A karɓi maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida wata-wata a damina. A kuma koyi awon damtse da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, wanda aka gwada koya wa iyaye mata a Mirya aka ga sun iya: kore lafiya, ɗorawa gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kama hanyar likita a ranar, ko da ranar kasuwa ce. Haka nan in an danna bayan ƙafafunsa biyu yatsa ya bar rami.

Ku kuma iyayenmu maza, Alhazai masu shago da masu awo, kuɗin motar da za a kai yaro tun ciwo yana ƙarami ya fi arha a kan kuɗin ɗaukarsa zuwa Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100, bayan ya galabaita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma tun ran gini ran zane.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa kasuwa albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.